Takardar James Damore a Google: laifin wa ne mata suka yi ƙaranci a harkar fasaha?

A watan Yulin 2017 wani injiniyan manhaja a kamfanin Google mai suna James Damore, lokacin yana ɗan shekara 28, ya rubuta wata takarda mai kimanin shafi 10 ya saka ta a zauren tattaunawar ma'aikata na cikin gida. Ya rubuta ta ne bayan ya halarci wani taron bita da kamfanin ya shirya kan yadda za a ƙara yawan mata da sauran waɗanda ba su da yawa a wurin, kuma abinda ya ji a taron bai kwanta masa ba. Takardar ta yi makonni tana yawo a tsakanin ma'aikata ba wani hayaniya sosai, sai a farkon Agusta ta fashe, ranar 5 ga wata kafar Motherboard ta ba da labarinta, Gizmodo kuma ta wallafa ta gaba ɗaya. Ranar Litinin 7 ga Agusta aka kore shi daga aiki.

Da yawa cikin waɗanda suka yi ta faɗa a kan takardar nan, masu zaginsa da masu yabonsa, ba su ma karanta ta ba, shi yasa gara a fara da abinda ya ce ɗin. Damore bai ce mata ba su da ƙwaƙwalwar rubuta manhaja ba, kuma ya rubuta ƙarara cewa yana magana ne a kan jimillar maza da jimillar mata, ba za ka ɗauki mace ɗaya ka yanke mata hukunci da wannan ba. Amma ya ce wani ɓangare na ƙarancin mata a aikin injiniya da muƙaman shugabanci daga halitta yake, wai mata sun fi sha'awar mutane maza sun fi sha'awar abubuwa, wai mata sun fi saurin shiga damuwa kuma ba su kai maza jure matsin aiki ba, wai maza sun fi kwaɗayin muƙami shi yasa suke yarda su kashe kansu da aiki. Daga nan ya ce tunda haka ne, shirye-shiryen da Google ke yi na horo da jagoranci don mata kawai ko don baƙaƙen fata kawai su ma wariya ce, a soke su, kuma kamfanin ya zama wurin da mai ra'ayin mazan jiya ba ya iya buɗe baki. Ya ma kawo wasu shawarwari, kamar a ƙara yin aikin da mutum biyu ke rubuta manhaja tare, a sauƙaƙa aikin rabin lokaci.

Toh, ka ji fa. Shugaban kamfanin Sundar Pichai ya katse hutunsa ya dawo, ya aika wa ma'aikata saƙo cewa akwai abubuwa da yawa a takardar da ya halatta a yi muhawara a kansu, amma cewa wasu abokan aikinka suna da wasu halaye na halitta da suka sa ba su dace da aikin ba, wannan cin fuska ne kuma ya saɓa ƙa'idar kamfani. An shirya babban taron ma'aikata ranar 10 ga Agusta don a tattauna, sai aka soke shi dab da farawa sabida an fara yaɗa sunayen wasu ma'aikata a intanet ana musu barazana. Susan Wojcicki wadda ke shugabancin YouTube a lokacin ta rubuta cewa 'yarta ta tambaye ta ko gaskiya ne halitta ce ta sa mata ba su da yawa a fasaha da shugabanci. A ɗaya ɓangaren kuma David Brooks na jaridar New York Times ya ce Pichai ne ma ya kamata ya sauka. Shi kuwa Damore ya rubuta nasa bayanin a Wall Street Journal, ya shiga hira da irin su Jordan Peterson, masanin halayyar ɗan adam ɗan Kanada, cikin mako guda ya zama gwarzon wani ɓangare kuma abin tsinuwar wani ɓangaren.

Abinda ya sa lamarin nan ya cancanci a zauna a kansa shine duk wuraren da ake jefa laifi in ana wannan muhawarar sun bayyana a cikinsa. Wasu su ce halitta ce, babu laifin kowa. Wasu su ce laifin iyaye da makarantu ne, kamfani ba zai ɗauki matan da babu su ba. Wasu su ce mazan da ke wurin ne suke korar mata da halinsu. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa yana hango na wani. Ni dai abinda na yarda da shi shine alhaki yana tafiya ne da iko, wanda ya fi kowa ikon sa hannu a kan albashi da ƙarin girma da kora shi ya fi kowa ɗaukar kaya, kuma a wannan labarin ba Damore ne mai wannan ikon ba.

Amma bari mu fara da maganar halittar, don ba zan ce ƙarya ce tsagwaronta ba. Akwai binciken masana halayyar ɗan adam da ya nuna cewa in ka tambayi maza da mata irin aikin da suke sha'awa, a jimlace ana samun bambanci tsakanin son aiki da mutane da son aiki da na'ura, kuma bambancin ba ƙarami bane. Wannan ba Damore ya ƙirƙira ba. Inda ya yi tsalle shine daga nan ya wuce kai tsaye zuwa cewa wannan ne ke bayyana adadin da ake gani a Google, ba tare da ya nuna nawa ne daga haihuwa nawa ne daga tarbiyya ba, kuma ba tare da ya nuna cewa wannan bambancin yana da alaƙa da iya aikin ba. David Schmitt, ɗaya daga cikin masanan da ya kafa hujja da aikinsu, ya fito ya ce bambance-bambancen irin na saurin damuwa ba su da girma sosai, kuma ba a fili yake ba cewa suna da tasiri a aikin Google.

Sannan tarihi bai goyi bayansa ba ko kaɗan, kuma nan ne nake ganin hujjar tasa ta karye. A Amurka a shekarar 1984 kashi 37 cikin ɗari na masu kammala digirin farko a kimiyyar kwamfuta mata ne. Zuwa wajen 2010 abin ya faɗo zuwa kusan kashi 18. A daidai wannan lokacin mata suna ta ƙaruwa a likitanci da lauya da sauran fannonin kimiyya, kwamfuta ce kaɗai ta yi wannan mummunar komawa baya. Halittar mace ba ta canja ba tsakanin 1984 da 2010. Abinda ya canja shine kwamfutar gida ta shigo, aka riƙa tallata ta kamar kayan wasan yara maza, iyaye suka fi saya wa 'ya'yansu maza, sai ya zama ranar farko a ajin jami'a yaro ya zo da shekaru yana taɓa na'ura ita kuma yarinya ranar ta fara, malami kuma ya ɗauka wanda ya riga ya sani shine mai baiwa. In ka ƙara komawa baya, waɗanda suka fara tsara aikin na'urar ENIAC, ɗaya daga cikin kwamfutocin farko a duniya, a 1945 da 1946 mata ne su shida, ga Grace Hopper da ke cikin magabatan rubuta manhaja, ga Margaret Hamilton da ta jagoranci rubuta manhajar kumbon Apollo da ya kai mutane duniyar wata. Lokacin da ake ganin rubuta manhaja a matsayin ƙaramin aiki irin na sakatariya mata aka bar wa, da kuɗi da daraja suka shigo sai aka gano wai aikin maza ne. Har gwajin ɗaukar aiki aka riƙa yi a shekarun 1960 da aka gina kan wani bincike na William Cannon da Dallis Perry wanda ya ce mai rubuta manhaja mutum ne da bai damu da mutane ba, kaga an zana siffar wanda ake nema sannan aka dawo ana mamakin me ya sa duk waɗanda aka samu iri ɗaya ne.

Kuma in halitta ce da ko'ina abin ɗaya zai zama. A Maleshiya mata sun daɗe suna kai kusan rabin ɗaliban kwamfuta, a Indiya ma adadinsu ya fi na Amurka nesa ba kusa ba. A cikin Amurkan kanta jami'ar Carnegie Mellon ta tashi daga kashi 7 na mata a sababbin ɗaliban kwamfuta a 1995 zuwa kashi 42 a 2000, kuma babban abinda suka yi shine sun daina fifita wanda ya riga ya iya rubuta manhaja tun daga gida wajen ba da gurbi, suka buɗe hanyoyin farawa daban-daban, suka horar da malaman sakandare. Shekara biyar kacal. Kwalejin Harvey Mudd ma ta yi irin wannan a zamanin shugabarta Maria Klawe. Abinda mutane suka iya canjawa cikin shekara biyar ta hanyar gyara ƙa'idar shiga, wallahi ba za ka kira shi ƙaddarar jini ba.

Akwai kuma wani abu da wanda bai san yadda ake aiki a irin waɗannan kamfanonin ba zai iya rasa gani. A Google injiniyoyi ne ke yi wa masu neman aiki intabiyu, kuma abokan aikinka suna rubuta ra'ayinsu a kanka lokacin duba ƙwazo, wannan ra'ayin yana shiga cikin maganar ƙarin girmanka. Yanzu ki ɗauka kece injiniya a rukuninsa, kin kwana uku kina fama da wata matsala a manhaja, a wajen mitin kika ce wa'adin da aka sa bai isa ba a ƙara mako guda, maganar da namiji zai faɗa a ce ya san aikinsa. Wanda ke zaune kusa da ke, wanda zai rubuta rahoto a kanki nan da wata biyu, ya riga ya wallafa wa dubban mutane cewa irinki sun fi saurin shiga damuwa kuma ba sa jure matsi. Ko da ya rantse miki cewa shi jimilla yake nufi ba ke ba, ya za ki yi ki san da wane ido ya kalli maganarki? Kuma in ya ba ki maki kaɗan ya za a yi kamfani ya kare wannan makin in kin kai ƙara? Wani tsohon babban injiniyan Google, Yonatan Zunger, ya rubuta a lokacin cewa ba zai iya haɗa kowa aiki da mai wannan takardar ba da zuciya ɗaya, ya kuma ce aikin injiniya in ya yi nisa kusan duk haɗa kai ne da fahimtar mutane, wato abinda Damore ya lissafa a matsayin halin mata shine ma abinda ake nema a manyan matakai.

Don haka ni ban ga zalunci a ce kamfani ya ɗau mataki ba. Hukumar da ke kula da haƙƙin ma'aikata a Amurka ma haka ta gani, a Janairun 2018 wata lauyarta Jayme Sophir ta rubuta cewa sukar da ya yi wa tsarin Google doka ta ba shi kariya a kai, amma maganganunsa kan halittar mata ba su da kariya, korar ba ta saɓa doka ba. Sai dai ina da ja a kan yadda aka yi. Takardar ta yi makonni a cikin gida, manya ba su kira shi sun zauna da shi ba, ba su fito da hujjoji irin waɗanda na lissafa sun amsa masa a gaban ma'aikata ba, sai da jarida ta ɗauka sannan cikin kwana biyu aka sallame shi. Duk mai irin tunaninsa a kamfanin, kuma akwai su, darasin da ya ɗauka shine ka yi shiru, amma ra'ayinsa na nan daram kuma gobe shi zai yi wa wata intabiyu. Korar ta kashe wutar jarida, ba ta canja zuciyar kowa ba.

Yanzu ga inda maganar ta fi yi min zafi. A daidai lokacin da Google ke cewa ba za ta lamunci a raina mata ba, tana kotu da ma'aikatar ƙwadago ta Amurka. Ma'aikatar ta kai ta ƙara a Janairun 2017 don ta miƙa bayanan albashi, tunda kamfanin yana karɓar kwangilar gwamnati dole a duba shi, a watan Afrilu kuma wata jami'ar ma'aikatar ta faɗa a gaban alƙali cewa sun ga bambancin albashi da ke cutar da mata kusan a ko'ina cikin kamfanin. Google ta musanta, ta ce nata lissafin bai nuna giɓi ba. Wata huɗu kenan kafin takardar Damore ta fita. A 2021 aka sasanta da ma'aikatar a kan kusan dala miliyan 3.8, abin ya shafi mutum sama da 5,500.

Wata guda bayan korar Damore, a Satumban 2017, Kelly Ellis da wasu tsofaffin ma'aikata mata suka shigar da ƙara a Kalifoniya. Labarin Ellis ya nuna yadda abin yake faruwa ba tare da kowa ya zagi kowa ba. Ta ce ta shiga Google a 2010 da shekara huɗu na gogewa amma aka ajiye ta a mataki na 3, matakin da ake sa waɗanda suka fito daga jami'a, sannan ba da jimawa ba aka ɗauki namiji da gogewa irin tata aka sa shi mataki na 4. Daga nan komai ya bambanta, albashi, alawus, hannun jari, irin aikin da za a ba ka, shekarun da za ka yi kafin ka hau gaba. Kuma in kamfani ya zo yin lissafin ko akwai giɓi sai ya kwatanta 'yan mataki na 3 da 'yan mataki na 3, ya ce ai kowa daidai ake biyansa, alhali cutar tun a bakin ƙofa aka yi ta. Masu ƙarar sun ce ɗaya daga cikin dalilan shine ana tambayar mutum albashinsa na baya a ɗora a kai, wadda aka tauye a wurin aikinta na farko sai tauyewar ta bi ta duk inda ta je, Kalifoniya ma ta hana wannan tambayar daga 2018. A 2022 Google ta yarda ta biya dala miliyan 118 ga mata kusan 15,500 ba tare da ta amsa laifi ba. Damore ba shi ya sa Ellis a mataki na 3 ba, bai ma shiga kamfanin ba a lokacin.

Sai kuma Oktoban 2018, New York Times ta fito da labarin Andy Rubin, mutumin da ya ƙirƙiro Android. Wata ma'aikaciya ta zarge shi da cin zarafi ta hanyar lalata, binciken kamfanin ya ga zargin yana da tushe, aka ce ya ajiye aiki a 2014, amma aka raka shi da yabo a bainar jama'a da dala miliyan 90, ana biyansa kusan miliyan 2 duk wata har shekara huɗu. Rubin ya musanta zargin. Ka haɗa lissafin da kanka, ranar da aka kori ƙaramin injiniya a kan takarda, wannan kuɗin yana ci gaba da shiga asusun babban mutum. An bar jaki ana dukan taiki. Ma'aikatan ma haka suka gani, ranar 1 ga Nuwamban 2018 sama da mutum 20,000 suka fice daga ofisoshin Google a faɗin duniya, daga Singafo zuwa Landan zuwa hedikwata a Kalifoniya, suna neman a daina tilasta wa mai ƙorafi zuwa sulhun sirri maimakon kotu, a gyara albashi, a fito da rahoton cin zarafi a fili, a sa wakilin ma'aikata a hukumar gudanarwa. Pichai ya ce an kori mutum 48 cikin shekara biyu kan cin zarafi, 13 daga cikinsu manya ne, kuma ba a ba su kuɗin sallama ba. Kamfanin ya soke tilasta sulhun sirrin, wannan nasara ce ta gaske, amma biyu daga cikin waɗanda suka shirya fitar, Claire Stapleton da Meredith Whittaker, sun ce an yi musu ramuwar gayya a wurin aiki, kamfanin ya musanta, su biyun kuma sun bar shi a 2019.

Toh maganar cewa matsalar daga makaranta take fa? Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da kamfanoni ke da ita kuma ba zan raina ta ba. A 2014 da Google ta fara wallafa alƙalumanta mata kashi 17 ne a ayyukan fasaha, a 2017 sun kai kashi 20, jami'o'i kuwa kusan kashi 18 suke yayewa, don haka kamfani zai iya cewa ai abinda aka ba mu muka ɗauka. Gaskiya ne iyaye da malamai da masu talla suna da nasu kason. Amma wannan hujjar tana bayanin ƙofar shiga ne kawai, ba ta ce komai a kan ƙofar fita ba. Wani bincike da Sylvia Ann Hewlett ta jagoranta a 2008 ya gano fiye da rabin matan da ke ayyukan kimiyya da injiniya da fasaha a kamfanoni suna bari a tsakiyar tafiya, kuma cikin manyan dalilan akwai yanayin wurin aiki da kaɗaici da rashin ganin hanyar hawa sama. Waɗannan fa sun riga sun so kwamfuta, sun yi digirin, sun ci intabiyu, babu wanda zai ce sha'awa ce ba su da ita, kuma ba malamin firamare ne ya kore su ba. A ɓangaren launin fata ma abin ya fi muni, a 2014 baƙaƙen fata kashi 2 ne kacal na ma'aikatan Google a Amurka, kuma a shekarar USA Today ta yi lissafin cewa manyan jami'o'i suna yaye baƙaƙe da 'yan asalin Latin Amurka a fannin kwamfuta ninki biyu na yadda manyan kamfanonin ke ɗaukarsu. Sannan yarinyar da ke aji uku a jami'a tana karanta labarin Rubin, tana karanta abinda injiniya Susan Fowler ta rubuta a Fabrairun 2017 kan cin zarafin da ta ce ta fuskanta a kamfanin Uber, in ta canja fanni zuwa likitanci kamfanin zai sake cewa ai ba a yaye mata, alhali shi ya ba ta dalilin.

Ba ina cewa ma'aikaci namiji na ƙasa ba shi da komai a wuyansa bane. Wanda ke katse mace a mitin, wanda ke maimaita shawararta a ce tasa ce, wanda ya ga ana yi ya kau da kai don mai yin abokinsa ne, wanda duk in aka ce a kawo sunan wanda za a ɗauka abokan ajinsa maza kawai yake tunawa, duk suna da nasu. Kuma ba maza kaɗai ba, a 2012 masu bincike a jami'ar Yale sun aika wa malaman kimiyya takardar neman aiki iri ɗaya sak, rabi da sunan John rabi da sunan Jennifer, aka fi ganin John ya cancanta aka yanka masa albashin kusan dala 30,000 ita kuma kusan 26,500, kuma malamai mata sun yi wannan fifikon kamar yadda maza suka yi. Ko na'ura ba ta tsira ba, Amazon ta gina manhajar tantance masu neman aiki ta koya mata da takardun shekara 10 da suka wuce, sai manhajar ta riƙa rage wa takardar da ta ambaci ƙungiyar mata maki, dole aka watsar da ita. Amma ai wannan ne ma ya sa alhakin ya koma kan masu tsara ƙa'ida. In an san cewa kowa, namiji da mace, yana ɗauke da wannan karkatar ba tare da ya sani ba, toh aikin shugaba ne ya gina tsarin da ba zai dogara da tsarkin zuciyar kowa ba, tambayoyin intabiyu iri ɗaya ga kowa, ma'aunin mataki a rubuce, a duba wa aka sa a ina kuma me ya sa.

Google da kanta ta taɓa nuna hakan yana yiwuwa. A wancan lokacin injiniya a can yakan gabatar da kansa ne don ƙarin girma, sai aka lura mata ba sa gabatar da kansu kamar maza. Mai ra'ayin Damore zai ce ka gani, ba su da kwaɗayin muƙami. Amma da wani babban shugaban injiniyoyi, Alan Eustace, ya fara aika saƙo yana nuna alƙaluman yana cewa mata su fito, sai adadin masu gabatar da kansu ya tashi. Saƙon imel ne fa kawai daga wanda ake jin maganarsa. Matan nan ba kwaɗayi suka rasa ba, sun dai karanci wurin ne sun ga wadda ta cika tura kanta gaba ana ce mata mai rawar kai, da aka ba su tabbacin cewa sama na so sai suka fito.

Shi Damore a Janairun 2018 ya kai Google ƙara, yana cewa ana nuna wa fararen fata da maza da masu ra'ayin mazan jiya wariya, daga baya maganarsa ta koma sulhun sirri, a 2020 aka janye ƙarar ba a bayyana yadda aka ƙare ba. Alphabet, uwar kamfanin Google, ta yi alƙawarin kashe dala miliyan 310 a kan gyaran wurin aiki a 2020 bayan masu hannun jari sun kai ƙara kan yadda aka rufe maganar su Rubin. Sai ga shi a Fabrairun 2025, bayan umarnin da Donald Trump ya sa wa hannu na yaƙi da shirye-shiryen ƙara wakilcin mata da tsiraru, Google ta sanar da ma'aikata cewa ta ajiye burin da ta sa wa kanta na ƙara yawan waɗanda ba su da wakilci wajen ɗaukar aiki, kuma ba ita kaɗai ba, Meta da Amazon ma sun ja baya. Lauyar da ta tsaya wa Damore, Harmeet Dhillon, a 2025 ɗin ta zama shugabar sashen kare haƙƙin 'yan ƙasa a ma'aikatar shari'a ta Amurka. Abinda ya fi damuna a wannan juyin shine alƙaluman, don da alƙaluman 2014 aka fara kama kamfanonin nan, da bayanan albashi ma'aikatar ƙwadago ta matsa musu, da su lauyoyin Ellis suka tara mata 15,500 a ƙara ɗaya. In aka daina ƙirgawa ana wallafawa, wadda aka ajiye a mataki na 3 ba za ta san ba ita kaɗai bace.